Rijiyar Baba da Kududdufin da Na Cike

Ku 'ya'yana, da jikokin da za su karanta wannan bayan ƙasa ta rufe idona, da gangan na tsallake shekarun makaranta da na yawon neman aiki, domin babu komai a cikinsu sai yunwa da cika baki irin na samari. Wuri ɗaya nake so mu tsaya, wato lokacin da rijiyar gidanmu na Fagge ta mutu, 'yan shekaru kafin a ba mu mulkin kai. Yanzu na kai shekarun da likita yake yi mini magana a hankali kamar mai lallashin yaro, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ni na kashe rijiyar nan, kuma ga yadda aka yi.

Mahaifina Malam Garba haƙar rijiya ce sana'arsa, kuma gado ya yi. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba ya son dogon zance. Idan aka kira shi ya duba inda za a haƙa, ba ya sauri ko da mai gida yana tsaye a kansa. Sai ya zagaya wurin, ya dubi itatuwan da suka tsiro, ya tambayi inda ruwa yake kwanciya da damina, ya ɗebi ƙasa ya murza, wani lokaci har ya ɗanɗana. Muna yi masa tsiya cewa ƙasar Kano da ya ci ta fi tuwon da ya ci yawa, shi kuwa sai ya ce babu komai, ita ma tana jiran ranar da za ta rama. Yawancin rijiyoyin unguwarmu zartsi ne, ruwansu gishiri-gishiri, sabulu ba ya kumfa a ciki, in ka dafa wake da shi sai ka wuni kana hura wuta. Tamu kuwa, wadda ya haƙa da hannunsa tun kafin a haife ni, garau take, sanyi kamar daga sabuwar randa, kuma ba ta taɓa ƙafewa ba ko da bazara ta kai bazara. Famfo ya riga ya zo gari a lokacin, amma yana da nisa da mu, ga layi, ga faɗa, wata rana kuma ka je ka tarar yana tari babu ko ɗigo. Saboda haka ƙofar zaurenmu a buɗe take daga sallar asuba har magariba, kuma Baba bai taɓa tambayar mai tulu daga ina yake ba.

Cikin masu zuwa kullum akwai Iya Risikatu, wata Bayarabiya mai sayar da koko da ƙosai a bakin kasuwar Sabon Gari. Ta fi shekara ashirin tana jiƙa geronta da ruwanmu, tana cewa da wani ruwan kokon ba ya yin daɗi. A Ikko, wato Legas, ta girma, ita ce mutum ta farko da na sani wadda ta ga teku da idonta. Wata rana na ce mata ai mutanen Ikko sun huta, ruwa har ya yi musu yawa. Ta ajiye guga ta dube ni.

"Ɗana, ruwa ne iyakar ganinka, amma ko cikin cokali ba ka iya sha. Gishiri ne zalla. Ruwa a duniya da yawa yake, na sha ne kaɗan. Wannan da Baba yake ba mu, ka riƙa gode wa Allah."

Bayan gidanmu, kamar taku arba'in daga rijiyar, akwai kududdufi. Kakana ne ya fara haƙa shi lokacin da yake ɗibar ƙasar gina gidan, maƙwabta suka ci gaba da ɗiba, har ya zama rami mai faɗi. Da damina duk ruwan indararo da na lungunanmu can yake taruwa. Ba abin sha'awa ba ne, kada in yi muku ƙarya: kore ne, kainuwa ta rufe rabinsa, kwaɗi kuma ba sa barin mutum ya ji kiran sallah sosai. Amma Baba yana kula da shi kamar gonarsa. Ba ya bari a zuba shara a ciki, kuma duk kaka sai ya sa a kwashe kainuwa. Ya sha gaya mini dalili, ni kuwa ina jinsa da kunne ɗaya.

"Inuwa, ruwa matafiyi ne. Ya sauko daga sama, ya bi indararo, ya bi lungu, ya zo nan ya yada zango. Rana ta ɗauki rabonta ta mayar sama, ya zama hadarin gaba. Saura ƙasa ta tsotse a hankali, yashi ya tace shi, ya yi watanni yana tafiya kafin ya iso gindin rijiya. Abin da kake sha da bazara ruwan marka ne da ya wuce. Kududdufin nan shi yake shayar da rijiya."

A lokacin ina da shekara ashirin da shida, ina aikin awon gyada a wani kamfani kusa da tashar jirgin ƙasa. Ina da agogo, ina da keke, ina jin Turanci daidai na gaisuwa da zagi, saboda haka a ganina babu abin da ya rage a duniya ban sani ba. Na auri mahaifiyarku Hajara, Allah ya ba mu 'ya mace. Sunan mahaifiyata aka sa mata, shi ya sa ake kiranta Uwani. Ku ba ku san ta ba, kuma na san wasunku yau ne za su fara jin sunanta daga bakina. A zamaninmu 'yar fari abin kunya ce ga iyayenta. Ba ka kiran sunanta, ba ka ɗaukarta a gaban mutane, in ta rarrafo ta kama ƙafarka a zaure sai ka kau da kai kamar ba ka gani ba, wani ya zo ya ɗauke ta. Ni kuwa ina son yarinyar nan son da ban san inda zan ajiye shi ba. In na dawo daga aiki sai in sayo alewa in ba Baba, shi ya ba ta, ina gefe ina kallon bango. Shekararta biyu da 'yan watanni, ban taɓa kiranta da komai ba sai "yarinyar nan".

Cikin marka zazzaɓi ya kama ta. Kwana uku ne kawai. A rana ta huɗu da hantsi, ina bakin sikeli aka aiko in zo gida, kafin in jingina keke na ji kukan mata. Baba ne ya ɗauke ta a hannunsa zuwa maƙabarta, ni ina bayansa. Na zauna a zaure ina karɓar gaisuwa da busassun idanu, domin haka ake yi. Maza suna cewa Allah ya sa mai ceto ce, a cikin gida kuma ina jin tsofaffi suna ce wa Hajara in ruwa ya zube ya bar tulu ya yi kyau. Har yabona aka yi, wai Inuwa namiji ne, akwai dauriya. Babu wata dauriya. Baƙin ciki ne ya cika ni har wuya, ban sami ƙofar da zai fita ba, kuma ina neman wanda zan kama da laifi.

Bayan sati biyu duba-gari, wato ma'aikacin tsafta, ya zo zagayensa, da kakinsa da ludayinsa na leƙa randuna. Da ya ji an yi rasuwa ya yi mini ta'aziyya, sannan ya ja ni bayan gida, ya kamfato ruwa daga gefen kududdufi ya nuna mini wasu 'yan tsutsotsi suna wutsil-wutsil. Ya ce 'ya'yan sauro ne, kuma sauro ke kawo zazzaɓin da yake ɗauke yara. Ya ce in da hali a cike ramin da ƙasa. Ku lura, ƙasa ya ce, kada a ɗora wa bawan Allah abin da bai faɗa ba. Ni dai tun daga ranar na sami abokin gaba. Da la'asar na sami Baba a zaure yana tufkar igiya.

"Baba, ina so a cike kududdufin nan."

"Me ya yi maka?"

"Duba-gari ya ce daga nan sauro yake fitowa."

"Bai yi ƙarya ba. A kwashe kainuwa, a sare ciyawar gefe, a ƙara zuba kifi su cinye tsutsar. Wannan zan yi da kaina. Amma ba za a cike ba."

"Ko da zai ƙare yaran gidan nan?"

Ya ajiye igiyar. Ya ɗago ya dube ni.

"Inuwa, ni na ɗauke ta. Na san nauyinta. Amma in ka cike ramin nan, ba sauro za ka kashe ba."

Na tashi ban ce masa komai ba, wanda a wurinmu ya fi zagi muni. A raina na ce tsoho ya fi son raminsa da jikarsa. Allah ya yafe mini wannan tunani.

Masu haƙar rijiya da rani suke aiki, lokacin da ruwan ƙasa ya yi ƙasa sosai, don in ka same shi a lokacin ka same shi ke nan. Bayan kaka Baba ya cika alkawari, ya gyara kududdufin tsaf, sannan ya ɗaure kayan aikinsa ya nufi ƙauyukan wajen Gumel, inda zai yi wata huɗu. Bai yi kwana uku da tafiya ba na je wurin mai unguwa na ce masa Baba ya yarda a cike. Ya yi mamaki, amma wa zai zaci ɗa zai yi wa ubansa ƙarya? Saura abin cikewa. Ƙasar da za ta cike wannan rami sai an haƙa wani ramin kamarsa, ni kuwa sauri nake. A Kano kuma kowa ya san hanya mai sauƙi ta cike kududdufi: ka ce ya zama juji, ka koma gefe. Ban tsaya nan ba ma. Na bi masu share kasuwar Sabon Gari da masu jakuna na roƙe su, na bi mahauta, na bi masu gyaran mota. Aka yi ta kawowa a mangala da amalanke: ruɓaɓɓen kayan miya, toka, tsummoki, gwangwanaye, ƙazantar tumbi, guntayen fata, baƙin man mota. Ina tashi daga aiki in ɗauki shebur in yi ta turawa har hannuwana suka yi kanta. Gaskiya ita ce ina jin daɗin aikin, domin shi ne kukan da ban yi ba.

Mutum biyu suka yi mini magana. Iya Risikatu ta tsaya da tulunta a ka, ta toshe hanci da gefen mayafi.

"Ɗana, Baba ya san da wannan?"

"Ya sani, Iya."

"To. Abin da ka ba ƙasa dai shi za ta ba ka."

Ta biyu mahaifiyarku ce, wadda ba ta taɓa sa baki a al'amarina ba. Tana zuba mini ruwan wanke hannu ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Malam, ko ka cike shi ba za ta dawo ba." Na yi kamar ban ji ba. Da ramin ya cika na sa aka shimfiɗa jar marmara a sama, aka daddaɓe. Wurin ya yi kyau, har yara suka fara wasa a kai, mutane suna cewa Inuwa ya yi aiki.

Baba ya dawo da bazara, rana tsaka. Bai ko shiga gida ba, wani ya riga ya yi masa albishir a hanya. Na same shi tsaye a tsakiyar filin da kayansa a kafaɗa. Ya soka sandarsa a ƙasa, ta shige fiye da kamu biyu kamar cikin tuwo. Ya zaro ta ya shinshina bakinta.

"Da me ka cike?"

Na gaya masa. Ban rage komai ba, don a lokacin ban ga abin ragewa ba.

"Allah ya kyauta," in ji shi. Ya shiga gida ya ja ruwa ya yi alwala. Da marina ya yi da na fi samun sauƙi.

Damina ta sauka da ƙarfi a shekarar. Ruwan da ya saba samun masauki ya zo ya tarar babu, sai ya bi lungu a guje, ya ci gindin katangar maƙwabcinmu Malam Sule maɗinki har ta faɗi, ya gangara rafin Jakara ya tafi abinsa. Mafi yawansa ke nan, ya wuce bai bar mana komai ba. Ɗan abin da ya tsaya kuma ya nutse ta cikin sharar da na binne. Sauron da na yi domin shi bai ko san an yi ba, ya koma kwatoci da gwangwanaye ya ci gaba da harkarsa. Wajen tsakiyar marka Baba ya ja guga da safe, ya kurɓa, ya furzar. Ni ban ji komai ba a ranar, amma bayan kwana goma ko jaki ya san ruwan nan ya canza. Ya yi wari, wani maiƙo yana yawo a samansa. Jikan Iya Risikatu da yara biyu na gidan Malam Sule suka kwanta da gudawa. Allah ya taƙaita, duk suka tashi, amma kwanakin da suka yi a kwance ban iya haɗiye abinci ba.

Daga nan Baba ya ɗauko tabarma ya zauna a bakin zaure, duk mai tulu da ya zo ya ce masa ya yi haƙuri, babu ruwa. Mutumin da ya yi shekara talatin bai hana kowa ba, shi ne ya wuni yana mayar da mata da tuluna wayam. Da Iya ta zo bai iya ɗaga kai ya dube ta ba. Ita ce ma ta durƙusa tana ba shi haƙuri. Sau uku yana yashe rijiyar. Ya haura sittin a lokacin, amma bai yarda wani ya shiga ba, shi yake sauka da kansa, ni ina sama ina jan baƙar laka. Kowane karo ruwan ya taru, kowane karo da warinsa. Da rani ya shigo sai ya fara ja da baya, tun da babu abin da aka ajiye masa da damina. Kafin bazara guga yana dawowa da taɓo. Rijiyoyi biyu na kusa da mu, masu zartsin da ake wanki da su, su ma suka ƙafe.

Ran wata Juma'a da safe mai unguwa ya tara dattawa a ƙofar gidansa. Mutane sun gaji, matansu suna tafiya har Sabon Gari suna bin layin famfo, wanda ya kasa kuma sai ya jira 'yan garuwa. Malam Sule ne ya fara magana, kuma yana da gaskiyarsa.

"Ruwa ba ya tsami banza. Shekara nawa muna sha lafiya? A faɗa mana abin da aka yi, da wanda ya yi."

Duk idanu suka juyo kaina. Na sunkuyar da kai ina kallon yatsun ƙafata. Mai unguwa ya dubi Baba.

"Malam Garba, yaron nan ya ce mini da yardarka aka cike kududdufi. Haka ne?"

Ban taɓa gaya wa Baba wannan ƙaryar ba, a nan ya fara jinta. Bai ko waiwayo ni ba.

"Haka ne, ranka ya daɗe. Ni na sa shi. Amma ba cikewar ce ta kashe rijiya ba. Laifin hannuna ne. Lokacin da na haƙa ta ina da ƙuruciya, na yi gaggawa, na tsaya a ruwan sama-sama ban kai ta idon ruwa na gaskiya ba. Rijiyar da aka haƙa da kyau ba ta damu da abin da ke bayan gida ba. Daɗewar da ta yi ma sa'a ce. Ku yafe mini."

Babu wanda zai yi musu da Malam Garba a kan rijiya, ko da a kan tasa ce. Aka yi addu'a aka watse, wasu har suna dafa kafaɗata suna cewa in yi haƙuri da zargin da aka yi mini. Ina da baki a ranar, harshena lafiya lau, ban buɗe shi ba.

Magana ba ta kwana a Fagge. Kafin wata ya ƙare ta kai ƙauyuka cewa Malam Garba da bakinsa ya ce rijiyar gidansa ma bai kai ta ido ba. Da rani ya zagayo babu wanda ya aiko kiransa. Na bayansa ma haka. Waɗanda ya koya wa aiki suka riƙa samun kira, shi yana zaune a zaure. Bai ƙara sauka cikin rijiya ba har ya bar duniya, shekara uku bayan nan. Har yau akwai tsofaffi a unguwar da in aiki ya yi kyau a ido bai yi ƙarko ba sai su ce haƙar Garba ce, kuma na taɓa jin ɗayanku ya faɗa yana dariya, bai san ko wane Garba ba ne.

Kwana biyu bayan taron nan muka rufe rijiyar, don kada yaro ya faɗa. Ni da shi ne kawai, da azara da ƙasa. Muna cikin jerawa na ce, "Baba, gobe zan je wurin mai unguwa in faɗi gaskiya."

Bai daina aiki ba.

"Ni na gama haƙata, Inuwa. Kai kuwa yanzu ka fara zama da mutanen nan, a cikinsu za ka haifi wasu, a cikinsu za ka aurar. Na ɗauki 'yarka na kai rami. Ba zan tsaya ina kallo a binne ka da ranka ba. Miƙo azarar."

Na miƙa masa. Goben ta zo ban je ba, jibi ma haka, har mai unguwa ya rasu, Malam Sule ya rasu, Iya Risikatu ta koma ƙasarsu ta rasu a can. Duk wanda ya kamata ya ji wannan magana ya tafi bai ji ba, sai ku kuka rage. Kakanku ya kai rijiyarsa ido. Gaba goma sha biyu ce, na sani domin ni na riƙe masa igiya duk lokacin da ya sauka yashe ta.